Tukunyar da Goggo Ta Wanke

Ina aji uku na ƙaramar sakandare lokacin da tukunyar lantarki ta shigo gidanmu a Yelwa. Ƙanwar Inna ce ta aiko da ita daga Kontagora a motar haya. Ta zo mana hutu ne ta yi kwana uku, ta ga yadda ranakunmu suke tafiya, ta koma. Bayan wata guda sai ga kwali.

Abin da ta gani shi ne wannan. Inna ma'aikaciyar jinya ce, tana fita bakwai na safe, ba ta dawowa sai gab da magariba, ƙafafunta a kumbure. Baba yana tuƙa jirgin ruwa mai inji, yana ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunan albasa, ya shigo gida bayan la'asar da yunwar da ba ta jin bayani. Ƙannena 'yan biyu, mata, shekararsu shida, suna tafiya islamiyya ƙarfe huɗu, kuma dole su ci kafin su tafi. Ni ce babba. Saboda haka abincin rana nawa ne tun ina firamare, ba tare da an taɓa zama an ce an ba ni ba. In na dawo makaranta wajen biyu saura, ko hijabi ban gama cirewa ba nake tsugunawa gaban murhu. Wake kan ci awa biyu a kan itace. In damina ce itacen a jiƙe, sai in yi ta hurawa har idona ya yi ja, littattafaina ma duk warin hayaƙi suke.

A zangon nan ne malamarmu ta lissafi ta zaɓi mu goma sha biyu ta ce za ta riƙa yi mana darasin yamma, Litinin da Talata da Laraba, daga ƙarfe uku zuwa biyar, har zuwa jarrabawa. Daga sakamakon jarrabawar ne ake ware waɗanda za su shiga ajin kimiyya a babbar sakandare. Ina son ajin nan fiye da yadda na taɓa faɗa wa kowa. Malama mace ce mai magana ɗaya. Ranar farko ta ce, "Duk wadda ta yi fashi uku, na cire ta. Akwai yara a waje suna jiran kujerar. Ba na karɓar labari." Ta rubuta sunayenmu a bayan rajista, ta ja layi uku a gaban kowanne.

Ba don tukunyar nan ba, da ban ko fara zuwa ba.

Baƙa ce, ƙatuwa kamar bokitin fenti, da murfi mai murɗawa ya kulle. A gabanta akwai ɗan allo mai nuna jan lamba, da madannai tara. Cikinta kuma akwai wata tukunyar da ake cirewa, wadda muke ce wa 'yar ciki. Ita ce ake zuba abinci a ciki. Cikin 'yar cikin baƙi ne wuluk, mai santsi, ko tuwo ka ɗora masa zai zame. Ni na karanta ɗan littafin da ya zo da ita, daga farko har ƙarshe, sau biyu, da ƙamus a gefena. Tana dafa shinkafa, tana dafa wake cikin minti arba'in, tana turara alala, tana soya albasa, tana farfesun kifi, in ta gama kuma ta yi ƙara sau uku ta riƙe abincin da zafinsa har a zo ci. Tuwo ne kawai ya fi ƙarfinta. A shafi na huɗu an zana hoton soson ƙarfe da hoton wuta, an soke kowanne da jan layi. Baƙin nan na ciki wani shafe ne da aka yi mata don kada abinci ya kama, ba a kankare shi, kuma ba a ɗora 'yar cikin a kan murhu.

In na dawo makaranta sai in wanke shinkafa da wake, in yanka albasa, in zuba mai da gishiri, in rufe, in danna. In yi salla, in nuna wa 'yan biyu inda kwanonsu yake, in roƙi matar maƙwabcinmu ta zuba musu in ta ji ƙara uku. Biyu da rabi ina hanya. Babu wutar da zan bari a ci, babu hayaƙi. Na tuna ranar farko har waiwayen gida na riƙa yi, kamar na yi sata.

Unguwarmu ana samun wuta da rana yawanci, amma ba kullum ba. Muna zaune a bakin ruwan da ake cewa shi ke ba rabin ƙasa haske, duk da haka sau biyu na dawo na tarar an ɗauke. Sau biyun na koma gaban murhu, sau biyun Malama ta cike layi a gaban sunana. Saura ɗaya. Kullum in na doso gida, ƙwan fitilar zauren maƙwabta nake fara kallo, don su ba sa kashe shi.

Sai aka yi haihuwa a gidan Goggo.

Goggo yayar Baba ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Gidanta yana gangaren bakin ruwa, tafiyar minti biyar daga namu. Tana bandar kifi, kuma duk unguwa an san ta da abu biyu: tsabta da baki. Tukwanenta in ta kife su a rana sai ka kau da ido. Matar ɗanta ce ta haihu, suna ya faɗo ranar Asabar. Ranar Alhamis da yamma ta shigo gidanmu, ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta kai dubanta kan teburin da tukunyar take.

"Uwar 'yan biyu," ta ce wa Inna, "wagga ita ce mai dahuwa ba wuta?"

"Ita ce, Yaya."

"To a kai min ita gobe. Dangin yarinyar daga Wara za su zo, su ma su ga muna da ido."

A wajenmu ba a hana aron tukunya. Duk gidan da ake taro, tukwanen unguwa can suke kwana, kowa ya san tasa da alamar fenti a gindi. Na san wannan. Amma ina wanke-wanke a bakin rariya, shafi na huɗu kawai nake tunawa. Da Goggo ta tafi na bi Inna ɗaki.

"Inna, ba irin waɗancan ba ce."

"Yayar ubanki ce."

"In ta lalace fa? Fashi ɗaya ya rage min."

"Ke," in ji Inna. Ba ta kiran sunana, saboda ni ce 'yar fari, kuma saboda wannan kunyar ba ta taɓa tsaya min a gaban dangin Baba ba ko sau ɗaya. "Ki kai mata, ki nuna musu yadda ake yi. Kwana biyu ne."

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauke ta a kai, da kwalinta. Tsakar gidan Goggo cike da mata, ana gyaran shinkafa, ana daka, ana fere kabewa. Ni ko a aji in an ce in tashi in karanta, muryata maƙalewa take. Na ajiye kwalin, na fito da ita, na durƙusa kusa da Goggo na fara bayani ƙasa-ƙasa. Na nuna madannin shinkafa. Na nuna yadda ake sakin tururi. Na ciro 'yar cikin na ce, "Wannan ba a sa ta a wuta, kuma ba a..."

"Mi take cewa?" in ji wata tsohuwa mai tsince tsakuwa a faifai. "Ɗaga murya, ɗiya, ba mu da injin ji."

"Karatu take ba mu," wata ta ce. "Injiniya ce. Ku yi shiru ku ɗau darasi."

Aka kwashe da dariya. Goggo ta dafa kaina tana dariyar ita ma. "Ɗiyata, tun ubanki bai san hannun damansa ba nake dahuwa. Tukunya dai tukunya ce. Tashi ki kama musu daka."

Na tashi na kama daka. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Ranar suna ba a kawo wuta ba sam. Ni ina can ɗakin mai jego ina miƙa ruwa da goro, ban ga abin da ya faru a madafa ba. Daga baya 'yan biyu suka ba ni labari, suna murna kamar abin kirki: tukwane sun ƙare, ana neman inda za a soya manja da albasa, sai wata ta ce ga wannan tana zaune ba aikin komai. Aka ciro 'yar cikin aka ɗora ta a kan duwatsu uku, aka zuga mata itace. Gangar jikin kuwa aka bar ta a kan kujera a tsakar gida, an yafa mata ɗankwali, baƙi suna zuwa suna ɗagawa.

Lahadi da hantsi na tafi bakin ruwa da wankin kayan makaranta. Ruwa ya fara cikowa, jirage suna ɗaure suna bugun juna a hankali. Daga nesa na hango Goggo a wurin da ta saba zama, kan wani faffaɗan dutse, ta tattare zani zuwa gwiwa, tukwanen aro jere a gefenta. A wajenmu in ka ari tukunya, ba ka mayar da ita yadda ka karɓa. Sai ta fi haka haske. Mace ta mayar da tukunya da baƙi a gindi, magana ce da za a yi shekara ana yi. Kuma Goggo ba ta taɓa bari an yi da ita ba.

'Yar cikinmu tana tsakanin ƙafafunta. Ta gama da bayan, ya yi fari tas. Ta juya ta tana aikin ciki. Tana ɗibar yashi mai laushi na bakin ruwa da toka, ta cusa da soson ƙarfe, ta murza da dukan ƙarfin kafaɗarta. Inda ya ƙi fita sai ta sa wani ɗan dutse mai kaifi. Na matso har ina jin ƙarar, ƙiii, ƙiii. Rabin cikin ya zama fari, rabi yana nan baƙi, kuma baƙin yana fita ne kamar ɓawon albasa, yana yawo a kan ruwa.

Na tsaya da bahon wanki a kaina. Rabi ya rage. Na ga rabin da idona. Ban san ko a lokacin akwai sauran abin da za a ceta ba, amma ban gwada ba. Mata huɗu ne a wurin, biyu daga cikinsu suna cikin masu dariyar ranar Juma'a.

"Ina kwana, Goggo."

"Lafiya lau, ɗiyata. Kin ga aikin da uwarki ta bar min? Ma'aikatan asibiti, ana ta wa'azin tsabta, ga tukunya kamar an dafa kwalta. Wata nawa ba a wanke ta ba?"

Matan suka yi dariya. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki."

Na wuce can ƙasa na yi wankina, bayana yana jin ƙarar. Na dirje farar rigata har sai da yatsuna suka yi ja. Haushin Goggo nake ji, da na matan, da na Inna, amma wanda ya fi cina nawa ne, kuma shi ne ban san inda zan kai shi ba.

Bayan la'asar Goggo ta kawo tukunyar da kanta, wata jikarta tana biye da kwalin. Ba a mayar da tukunyar aro wayam, don haka ta cika 'yar cikin da bandar tarwaɗa da manyan albasa shida. Ta zazzage su a tire, ta ɗaga 'yar cikin sama ta juya ta a rana.

"Duba nan, uwar 'yan biyu. Haka ake riƙon kaya. Tun hantsi nake kanta, hannuna har ya tsage."

Ta nuna tafin hannunta. Da gaske ya tsage, wurin babban yatsa.

Na kalli Inna. Na ga lokacin da ta gane, don leɓenta na ƙasa ya motsa. Sai ta yi murmushi ta ce, "Kai, Yaya, kin sha wahala. Allah ya saka da alheri. Har da kifi?"

Godiya ta yi mata. Ta raka ta har ƙofar gida.

Akwai wuta a lokacin. Ban jira kowa ba na zuba ruwa kofi biyu, na mayar da 'yar cikin mazauninta. Ba ta zauna ba. Gindin ya kumbura saboda zafin itace, tana rawa kamar ƙwarya a kan ruwa. Bakinta kuma ya ɗan lanƙwashe a gefe guda. Na murɗa murfin da ƙyar, na danna. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sai tururi ya fara tsartuwa ta gefe, sai ta soma wata ƙara mai tsawo da ban taɓa ji ba, allon yana ƙifta wani harafi. Na kashe na sake. Haka. Na sake.

"Bar ta haka nan," in ji Inna daga bayana.

"Ta mutu."

"Na gani. Kada in ji wannan maganar a bakin kowa. Ba da gangan ta yi ba."

"Gobe Litinin."

"Na san ranakun mako."

"Inna, fashi ɗaya ya rage."

Ta zauna a bakin gado tana murza ƙafarta. Ta ce za ta kira ƙanwarta ta tambaya ko ana samun 'yar cikin ita kaɗai. Ta ce wataƙila sati biyu, wataƙila uku. Ta ce in gaya wa Malama ba ni da lafiya. Na ce Malama ba ta karɓar labari. Ta ce to ita me zan so ta yi, ta bar marasa lafiya a kan gado ta zo ta hura wuta?

Da Baba ya shigo na ɗauka shi zai ce wani abu, tunda yayarsa ce. Ya leƙa tukunyar, ya ƙwanƙwasa gindin da yatsa, har ya ɗan yi dariya.

"Yaya ke nan. Ko jirgina ta samu sai ta kankare fentin." Ya juyo ya ga fuskata. "Haba, uwata, tukunya ce fa. Kafin ta zo ba ma cin abinci ne?"

Muna ci. Ni nake dafawa. Ban faɗa ba. Na kwashe kifin Goggo na kai madafa, kuma da aka sa shi a miya ban taɓa ba.

Da asuba aka yi ruwa mai yawa. A makaranta ban ji komai da aka koyar ba, lissafin lokaci kawai nake. Daga gida zuwa makaranta minti ashirin da biyar ne in na yi sauri. In na isa gida biyu saura kwata, ina da ƙasa da awa guda. Itace a jiƙe. Ko shinkafa zalla na ɗora ba za ta nuna ba, kuma Inna ta hana a bar wa 'yan biyu wuta tana ci. Matar maƙwabcinmu tana iya zuba abinci, amma tana da nata girkin da goyo, ba zan ce ta yi namu ba. Ta kowace hanya na bi, sai in tarar da layi na uku a gaban sunana.

Na dawo na tarar da ƙwan zauren maƙwabta yana ci. Akwai wuta. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Ga wuta, ga tukunya a kan tebur, ga 'yar ciki tana walƙiya kamar sabon kwano, ba ta da amfanin komai. Na tsuguna gaban murhu na jera itace, na ƙyasta ashana huɗu, hayaƙi kawai yake. 'Yan biyu suna tsaye a kaina, ɗaya tana cewa yunwa. Na dubi hannuna, duk baƙin gawayi.

Na miƙe. Na auna shinkafa da wake a roba, na sa kwalbar mai da gishiri da albasa biyu daga cikin na Goggo. Na kifa 'yar cikin a sama. Na ɗora a kai, na ce wa 'yan biyu su sa takalmi su biyo ni.

Goggo tana tsakar gida tana juya kifi a kan waya, mai jego tana zaune a ƙofar ɗaki da jaririya. Na yi sallama, na sauke robar a gabanta. Na riga na shirya maganar a hanya, kuma na san in na tsaya gaisuwa mai tsawo ba za ta fito ba.

"Goggo, ga shinkafa da wake. Ki dafa wa 'yan biyu da Baba. Ina da darasi ƙarfe uku."

Ta dube ni, ta dubi robar. "Uwarki ta aiko ki?"

"A'a."

"To mi ya samu mai dahuwa ba wuta?"

"Ta mutu. Baƙin da kika kankare ba datti ba ne, haka aka yi ta. Kuma an sa ta a murhu, gindin ya kumbura. In na yi fashi yau za a cire ni."

Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Mai jego ta sunkuyar da kai, ta shige ɗaki da jaririyar. Goggo ta ɗauki 'yar cikin, ta shafa cikinta da yatsan nan da ya tsage, ta juya gindin ta ɗora a ƙasa. Tukunyar ta yi rawa. Ta sake taɓa ta, ta sake rawa.

"Jiya kin gan ni bakin ruwa," ta ce.

"Na gan ki."

"Ina kanta."

"E."

"Kika ce min sannu da aiki. Kika wuce." Muryarta ta fara hawa. "Kina kallona ina kashe kayan mutane, ina zagin uwarki a gaban mata, kin san gaskiya kika rufe baki? To wa ya kashe tukunya, ni ko ke?"

Hawaye suka cika min ido, na haushi, ba na nadama ba.

"Na faɗa ranar Juma'a. Kuka ce injiniya. Kuka ce in je in yi daka."

Kifi yana ɗiga mai a kan garwashi yana cas-cas. 'Yan biyu sun maƙale a bayana. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, har na sa ran sa, don da ya fi min sauƙi.

"Ƙarfe nawa yanzu?" ta ce.

"Biyu da rabi ta wuce."

"To tsayuwar mi kike? Aje min yara ki tafi bokonki. Marar kunya."

Na fita da gudu. Sai a hanya na ga silifas ɗin wanka ne a ƙafata, ga taɓo ko'ina. Na isa Malama ta riga ta buɗe rajista, ta wuce sunana da mutum biyu. Na tsaya a bakin ƙofa ina haki. Ta dubi agogonta, ta dubi ƙafafuna, ta dubi baƙin gawayin da ke hannuna.

"Makara ba fashi ba ce," ta ce. "Amma kada ki mayar da ita sana'a. Zauna."

Na zauna.

Abin da na tarar a gida ya fi wanda na bari. Goggo ba ta aiko da abincin ba, da kanta ta kawo, ta zauna jiran Inna. Da Inna ta shigo ta tare ta tun daga zaure da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji: ita jahila ce, ita ta kashe kayan Turawa, a yafe mata, tunda har an aika yarinya ta je ta karanta mata laifinta a gaban suruka. Inna da kayan aiki a jikinta ta durƙusa tana rantsuwa ba ita ta aike ni ba. Ƙarshe Inna ce ta ba da haƙuri. Baba ya ce in je in durƙusa ni ma. Na durƙusa. Na ce a yi haƙuri, idona a ƙasa, ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar shinkafa.

Kwana huɗu Inna ba ta yi min magana ba sai ta aike. A rana ta biyar, muna tsince wake, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Da kin bari na san yadda zan yi." Na ce, "Yaya za ki yi?" Ta ci gaba da tsince wakenta.

Ba a samu 'yar cikin ba. Ƙanwar Inna ta zaga kasuwa ta ce sai dai a sayi sabuwa gaba ɗaya, maganar ta mutu a nan. Amma ranar Talata da na dawo makaranta na tarar da jikar Goggo a ƙofar gida, wai a ba ta awon yau. Haka ranar Laraba. Haka kowane mako har muka yi jarrabawa. Goggo ta dafa, da barkono fiye da yadda 'yan biyu suke iya ci, kuma duk tsawon lokacin in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. A unguwa kuwa labarin da ya zaga shi ne na yarinyar da ta kai wa goggonta awo ta ce ta dafa. Ba na tukunya ba. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa.

Da aka liƙa sunaye a allon makaranta, nawa yana cikin ajin kimiyya, na bakwai daga sama. Na karanta shi sau uku, na taho gida. Baba yana zaure yana gyaran wata igiya, na faɗa masa.

"Madalla," ya ce. "Maza je ki gaya wa Goggonki, ki yi mata godiya. Ba don ita ba da ba ki samu ba."

Na tsaya ina kallonsa. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta sa na ji kamar in yi ihu. Na juya na gangara bakin ruwa. Na same ta tana ɗaure kifi a kwando. Na durƙusa na ce na ci, na ce na gode.

Ta ci gaba da ɗaurinta. Can ta ce, "Kimiyya. To a can ma in kin ga ana ɓarna ki ce sannu da aiki."

Na ce, "Ba zan ce ba."

"Mi kika ce? Ɗaga murya."

Na ɗaga.